A Shigo da Gangar Fareti Cikin Aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin shugabannin makarantu da hukumomin ilimi na Jihar Filato kan yadda ake koya wa yara kiɗan ƙaramar gangar badujala, wato mai wayoyi a shimfiɗe a fatar ƙasa, waɗanda ke ba ta amon nan mai kaifi.

A yawancin makarantunmu na Jos, ba a tunawa da wannan ganga sai 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba ta ƙarato. Sai a fito da ita daga sito, a kaɗe ƙura, a miƙa wa yaron da ya fi ƙarfin damtse, shi kuma ya kwaikwayi abin da ya ji na gaba da shi suna yi. Shi ya sa za ka ga yaro ya damƙe sanda da dukan tafinsa, yana bugu tun daga kafaɗa, hannun hagu na jan ƙafa a baya, kuma da kiɗa ya yi daɗi sai ya ƙara sauri har masu maci su rikice.

Alhali wannan kiɗa yana da tubalansa sanannu. Wata ƙungiyar makaɗa da aka kafa a Amurka a 1933 ta tsayar da guda 26, sannan a 1984 aka faɗaɗa su zuwa 40. A ganina ɗan firamare ba ya bukatar ko rabinsu. Huɗu sun ishe shi shekara guda. Akwai bugun ɗai-ɗai, dama da hagu bi da bi. Akwai bugun bibbiyu, inda kowane hannu ke sauka sau biyu, kuma daga nan ne ake samun dogon rugugin da ake ji lokacin ɗaga tuta. Akwai faradidil: dama, hagu, dama, dama, sannan hagu, dama, hagu, hagu. Sai filam, inda sanda ɗaya ke sauka a hankali dab da ɗayar. Sirrin bugun bibbiyu shi ne a riƙe sanda tsakanin babban yatsa da manuni, a bar ta ta yi tsalle da kanta daga kan fata, wuyan hannu yana bi da ita. Ana farawa a hankali ƙwarai, a ƙara sauri sannu-sannu, sannan a sake saukowa.

Salon riƙo ma ya kamata a yi bayaninsa. Riƙon da tafin hagu ke kallon sama ya samo asali ne daga ratayar ganga a karkace da sojoji suke yi a zamanin da, don haka idan ganga tana zaune daidai a gaban yaro, riƙo iri ɗaya a hannu biyu ya fi masa sauƙi. Kuma bai kamata malami ya manta da hikimar makaɗanmu na kalangu ba, waɗanda taken da suke kaɗawa magana ce da baki ke iya faɗa: yaro ya fara furta bugun da bakinsa kafin ya taɓa sanda.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma hayaniya za ta hana sauran azuzuwa karatu. To, ai ba a kan ganga ake koyon waɗannan ba. Guntun katako daga Kasuwar Katako, a manna masa robar tsohon tub daga wurin mai faci, ya wadatar, kuma ƙararsa ba ta fita taga. Tunda darasin al'adu da fasahar ƙirƙira yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ina roƙon a ware wa wannan kiɗa minti 15 a kowane mako, maza da mata, a kuma gayyato tsofaffin makaɗan badujalar soja da ta 'yan sanda da ke zaune a garin nan su horar da malamai lokacin hutu.

Wassalam,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Rogo, Jos