Wasiƙa zuwa Kumasi: Baffa ya zo, yara sun rabu biyu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Mu nan Zariya sai godiya. Hunturu ya kankama, rabin ajina tari suke yi.

Saƙonka ya iso. Na ji daɗi ƙwarai da aka sallamo ƙanenka daga asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano har ya zo wurinka hutawa, Allah ya ƙara afuwa. Ka ce auta ta ƙi shan ruwa a kofin da Baffanta ya sha, babban kuma ya daina kawo abokansa gida, kana neman shawarata tunda na tsufa cikin 'yan firamare. To, ba damuwa ɗaya ke cin yaran nan biyu ba.

Ita auta, da shekarunta shida, hankali ta yi daidai wayonta. A wajen yaro ƙarami cuta aba ce da ke shigowa daga waje, kamar mura ko ƙyanda, kuma duk wanda ya matsa kusa zai ɗauka. Tambayarta guda ce: zai kama ni? Kada ka yi mata faɗa, kada kuma ka yi mata dogon bayani. Ka ce mata wannan ciwon ba a ɗaukarsa, sannan ka ɗauki kofin ka sha a gabanta. Na ga haka a aji ranar da farfaɗiya ta kayar da wani yaro. Kafin ka ce kwabo an watse, wasu har ta taga, don a gida an gaya musu yawun mai farfaɗiya na sa cutar, alhali daga ƙwaƙwalwa take, ba ta yaɗuwa. Na durƙusa na juya shi gefe, na tallafe kansa, na hana wani malami cusa masa cokali a baki. Da ya farfaɗo, yaran da suka ga hannuna a jikinsa su ne suka dawo suka tattara masa takalmansa. Yara ba sa sauraren bakinmu kamar yadda suke kallon ƙafafunmu, ko mun matsa ko mun ja da baya.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba. Ka ce ƙanen naka ba ya duka, ba ya ihu, shiru kawai yake yi ya kulle kansa a ɗaki. Ƙananan yara ba sa gane shiru a matsayin ciwo. Mai faɗa da ƙiriniya nan take suke sa masa suna, mara ji, mugu. Yarinyar da ke zaune a lungu ba ta magana da kowa kuwa ba wanda ya lura da ita, mu ma malamai yabonta muke yi, wai mai kunya ce, mai natsuwa. Masu nazarin halayyar yara sun daɗe da lura da wannan, sai yaro ya doshi balaga yake fara ganin janye jiki daga mutane a matsayin matsala. Saboda haka idan auta ta gaishe shi bai amsa ba, ba za ta ce Baffa ba shi da lafiya ba, cewa za ta yi Baffa ba ya sona, ko na yi masa laifi. Wannan ka gaggauta cire mata shi daga rai.

Babban kuwa ya san ba a ɗauka. Abin da ke cinsa shi ne bakin abokai. Ɗan shekara goma sha biyu ya riga ya ga yadda yaran unguwa ke bin mahaukaci da waƙa da jifa, manya na zaune a dakali ba mai tsawatawa, ya kuma ji ana cewa kada a auri 'yar gidan su wane. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, 'yan ajina duk saurayin da suka gani a birkice sai su ce ɗan ƙwaya ne, wato shi ya jawo wa kansa. A shekarunsa abin da yaro ke aunawa ke nan: da gangan yake yi ko kuwa? In ya yarda ba da gangan ba ne, za ka sha mamakin tausayinsa. Ka zaunar da shi kamar babba, ka gaya masa sunan ciwon yadda likita ya faɗa, ka kuma ba shi aiki, ko raka Baffa masallaci ne da yamma.

Na san Hajiya Babba za ta ce iska ce. Ba na jayayya da tsofaffi, addu'a kuwa ba a raina ta, a haɗa ta da magani. Roƙona kawai kada a ambaci aljanu a kunnen auta, don ba za ta sake fita fitsari da dare ba.

Ɗauko shi da ka yi ya zauna cikin iyali, ka yi daidai. Ka tuna gidan marin da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa, Kaduna, a 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu. Sai a 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Alhali tun a 1954 Dakta Lambo, likitan masu taɓin hankali a Aro, Abeokuta, yake zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da 'yan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana.

Kada ya bar shan magani don ya ji dama, nan ne yawanci ake komawa baya. Asibitin Komfo Anokye na da sashen masu irin wannan lalura, ka kai takardunsa na Dawanau su buɗe masa kati tun kafin maganin ya ƙare.

Ka gaishe min da Hajiya da mutanen Zango. In ka samu mai tahowa, a haɗo min da goro, na nan ya yi tsada kuma duk ya bushe.

Wassalam,
Amininka na Tudun Wada.