Wasiƙar godiya ga ma'aikatan rumbun Cellosaurus da ke Janeba

Zuwa ga ma'aikatan rumbun da Farfesa Amos Bairoch ya kafa a cibiyar SIB mai nazarin bayanan halittu da kwamfuta, ƙasar Suwizalan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu masu renon tantanin sankara a ɗakunan gwaje-gwaje mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a. Tun 2012 kuke tattara bayanan zuriyoyin tantanin da ake bincike da su (wato ƙwayoyin halittar jiki da ake renonsu a kwalba suna ta hayayyafa), har suka haura 100,000, kuma kun bar ƙofar a buɗe ga kowa a intanet, ba ko sisi.

Binciken sankara aikin gayya ne. Wannan ɗakin gwaji ya aika wa wancan tantani a daskare, wancan ya gwada magani a kansa, na uku ya karanta DNA ɗinsa, sannan a haɗa sakamako a buga. Duk wannan ya rataya ne a kan sunan da wani ya rubuta a jikin 'yar kwalba, alhali a madubin likita tantanin sankara da yawa kamarsu ɗaya.

Tarihi ya nuna illar haka. A 1951 aka samo zuriyar tantani mai suna HeLa daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins. Tantani ne mai saurin yaɗo, yana ninka kansa cikin kusan kwana guda. Idan aka tsoma bututun ɗiba ɗaya a kwalba biyu, ko zuriya biyu suka yi tarayya a kwalbar ruwan reno, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su mamaye mai gida cikin makonni. Tun 1966 masanin gadon halitta Stanley Gartler ya yi gargaɗi a kan haka. Daga baya ta tabbata cewa HEp-2 da ake ce wa sankarar maƙogwaro, da KB da ake ce wa ta baki, da INT 407 da ake ɗauka na hanji ne, duk HeLa ne. Haka MDA-MB-435 ya shafe shekaru ana buga bincike da shi a matsayin sankarar mama, sai aka gano M14 ne, wato sankarar fata ta melanoma. Abin takaici, har yau ana cin karo da sababbin takardu masu kiran waɗannan da tsofaffin sunayensu.

A nan aikinku ya yi rana. Kowace zuriya kun ba ta lamba tata, kamar CVCL_0030 ta HeLa da CVCL_0031 ta MCF-7 (zuriyar sankarar mama), ta yadda abokan bincike biyu za su san abu ɗaya suke nufi ko da rubutun sunan ya bambanta. Wadda ke da matsala kuwa, gargaɗi na nan a shafinta, haɗe da bayanin rajistar kwamitin duniya na tantance zuriyoyin tantani (ICLAC) mai ɗauke da zuriyoyi sama da 500 da aka yi wa kuskuren suna.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne tambarin STR da kuke ajiyewa, wato lambobin DNA masu bambance zuriya kamar zanen yatsa, da manhajar CLASTR ta kwatanta shi. Duk tantanin da ya iso daga abokin aiki, a keɓe shi tukuna, da kwalbar ruwan renonsa daban. A ciro DNA, a yi PCR (gwajin ninka DNA) a kan gurabensa aƙalla 8, wato D5S818, D13S317, D7S820, D16S539, vWA, TH01, TPOX da CSF1PO, a ƙara da amelojenin mai nuna jinsi. Sabuwar ƙa'idar ta fi son gurabe 13. Sai a zuba lambobin a CLASTR. Daidaito na kashi 80 cikin 100 zuwa sama yana nuna asali ɗaya ne. Idan aka ga kololuwa fiye da biyu a zanen sakamakon gurabe da dama, a yi zargin cakuɗa. Amma a yi hattara kafin a zubar da kwalba: irin su HCT 116, masu tangarɗa a gyaran DNA, tambarinsu kan ɗan gota da yawan reno, kuma tantanin namiji kan yar da kuromosom Y har ya fito tamkar na mace. Da yake kuna ajiye tambarin da majiyoyi daban-daban suka bayar, har da inda suka saɓa, mai bincike na iya rarrabe gotawa da gurɓata. Tantanin da ya tsallake gwajin, a daskarar da shi nan take cikin ruwa mai kashi 10 cikin 100 na DMSO (sinadarin da ke kare tantani daga illar daskarewa), sanyi na sauka digiri 1 a minti, ya kwana a digiri -80 na ma'aunin Celsius, washegari a kai shi tankin naitirojin.

Kun kuma kyauta da ba ku nuna cewa STR maganin komai ba ne. Gwajin na ɗan Adam ne, ba ya ganin tantanin ɓera idan ya shiga, sai an yi gwajin nau'in dabba daban. Ba ya ganin maikofulazma, ƙwayar cutar da ke ratsa matata mai ƙofar maikiron 0.2, ba ta gurɓata launin ruwa, fenisilin kuma ba ya taɓa ta saboda ba ta da bango. Ita sai PCR nata, bayan an yi 'yan kwanaki ana reno babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ko sahihiyar zuriya ma tana sauyawa: a 2018 masu bincike a cibiyar Broad sun kwatanta MCF-7 guda 27 daga wurare daban-daban, suka tarar magani ɗaya kan kashe wani ya bar wani.

Roƙonmu ga mujallu shi ne su riƙa neman lambar CVCL da ranar gwajin STR kafin su karɓi takarda, kamar yadda hukumar binciken lafiya ta Amurka (NIH) ta fara neman tsarin tantancewa a takardun neman tallafi tun 2016. Ku kuma Allah ya ƙara basira, ya saka muku da alheri.

Naku,
Wasu masu binciken halittar sankara