Koken Hausawan Bronx Kan Likitocin da Ke Ficewa Daga Medicare

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawa,
Birnin New York, Amurka.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne 'ya'yanka mazauna Bronx: direbobin tasi, mata masu aikin kula da tsofaffi a gida, 'yan kasuwa, da iyayenmu da suka ajiye aiki. Abin da ya kawo mu gabanka shi ne, dattawanmu na rasa likitocinsu ɗaya bayan ɗaya, alhali katin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati domin tsofaffi, na aljihunsu.

Akwai wani dattijo a cikinmu, ya haura saba'in, ya shafe fiye da shekara 25 yana tuƙin tasi yana biyan harajin Medicare. Ciwon suga gare shi. Likitan da ke duba shi ya san shi ciki da bai, shi ne ma ya fara lura ƙodarsa ta soma taɓuwa. Ranar da ya je ganinsa, ma'aikaciyar da ke tebur ta miƙo masa takarda shafi biyu da Turanci, ta nuna masa gurbin sa hannu. Ya ɗauka irin takardun da aka saba ne, ya sa. Bayan mako uku takardar kuɗi ta iso gida. Sai da 'yarsa ta karanta masa sannan ya gane yarjejeniya ya ƙulla: likita ya fice daga Medicare, shi kuma ya amince zai biya komai daga aljihunsa, ba zai nemi a mayar masa da ko sisi ba. Tun daga ranar bai sake taka asibitin ba. Kullum da asuba yana auna sugansa, yana rubutawa a wani ɗan littafi da babu mai dubawa.

Ranka ya daɗe, mun bincika, doka ce ta ba su wannan dama. An kafa Medicare a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson domin 'yan shekara 65 zuwa sama. A 1997 majalisar dokokin Amurka ta yarje wa likita ya fice na tsawon shekara biyu, daga 2015 kuma ficewar na sabunta kanta sai in shi ya soke. Likitan da ke cikin tsarin, Medicare ke biyan kashi 80 cikin 100 na farashin da ta yanka, mara lafiya ya cika 20. Wanda ke ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje, dokar tarayya ta hana shi ƙara fiye da kashi 15 a kan farashin da Medicare ta yanka masa, jihar New York ma ta rage zuwa kashi 5. Amma wanda ya fice gaba ɗaya ba shi da linzami, abin da ya yanka shi za a biya, inshorar cike giɓi ta Medigap ma ba ta shiga.

Ba mu zo zagin likitoci ba, su ma da nasu kukan. A Janairun 2025 an zabtare kashi 2.83 cikin 100 na ma'aunin kuɗin da Medicare ke biyan su, bayan ragin shekarun da suka gabata, ga hayar ofis da albashin ma'aikata kullum sama suke yi. Medicaid, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, kuwa abin da take biya bai kai na Medicare ba. Dokar Shugaba Obama ta 2010 ta ɗaga kuɗin likitocin matakin farko a Medicaid ya yi daidai da na Medicare a 2013 da 2014, wa'adin na cika aka koma gidan jiya. To amma faɗan gwamnati da likitoci, a kan tsoho mai ciwon suga yake ƙarewa.

Za a ce maka waɗanda suka fice kusan likita ɗaya ne kawai cikin ɗari a faɗin ƙasar. Gaskiya ne. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa su ne kan gaba a ficewar, kuma nan ne abin ya fi yi mana ciwo. Kai ka san irin wahalar da ake sha kafin ɗanmu ko mahaifiyarmu su yarda su je wurin likitan ƙwaƙwalwa. Sai an yi ta lallashi, an ɓoye wa maƙwabta, an sa malam ya sa baki. Bayan duk wannan, a buga waya a ce sai da tsabar kuɗi. Iyali su yi shiru, mara lafiya ya koma ɗaki. Ban da su, ga waɗanda ba su fice a takarda ba, amma da sun ji Medicaid sai su ce ba sa ɗaukar sababbin marasa lafiya.

Ga kuma dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, wadda ta rage kuɗin Medicaid, ta kuma ɗora wa manya da yawa sharaɗin nuna shaidar aikin awa 80 a wata. Tsoronmu shi ne ƙofofin da suka rage su ma su fara rufewa.

Saboda haka muke roƙonka ka kai kukanmu gaban kansilanmu da wakilanmu na majalisar jiha a Albany, mu kuma za mu rufa maka baya duk ranar da ka sa. Babbar buƙatarmu ita ce a wajabta wa duk likitan da ya fice ya sanar da marasa lafiyarsa tun kafin ranar ganinsa, kuma kada a karɓi sa hannun kowa a wannan yarjejeniya sai tafinta ya fassara masa ita cikin harshen da yake ji. A ƙara wa cibiyoyin lafiya na unguwa kuɗi da likitocin ƙwaƙwalwa, tunda su suna karɓar Medicare da Medicaid, suna kuma sassauta wa marar hali.

Akwai wanda ke hannunka ba sai an jira kowa ba. Jiha na da masu ba da shawara kyauta kan Medicare a ƙarƙashin shirin HIICAP. Ka gayyato su su zauna da dattawanmu kafin 15 ga Oktoba, ranar da ake buɗe damar sauya tsarin Medicare har zuwa 7 ga Disamba. Matasanmu sun yi alkawarin yin tafinta, za kuma su riƙa duba jerin likitocin da suka fice, wanda hukumar Medicare ke wallafawa a intanet. Muna kuma roƙon ka umarci limamanmu su sanar bayan sallar Juma'a cewa kada dattijo ya sa hannu a kowace takardar asibiti sai ɗansa ko tafinta ya karanta masa.

Dattijon da muka ba ka labarinsa ya ce a shirye yake ya zo gabanka da takardar da ya sa wa hannu da ɗan littafinsa, ka gani da idonka.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu ne naka masu biyayya,
Al'ummar Hausawa mazauna Bronx.