In Takardun Suka Ƙone Fa?

Ɗana,

Bayan sallama, gida lafiya lau. Innarka na gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Kawunka ya dawo daga Legas ran Laraba da wata magana da ta hana ni barci. Wai a wajen walimar nan an zaunar da kai gaban fiyano, aka ce ka ɗan taɓa wa jama'a wani abu, sai ka ce ka baro takardunka na kiɗa a ɗaki. Ka tashi ko maɓalli ɗaya ba ka danna ba. Kai da aka haifa a gidan kiɗa!

Ban hana ka tafiya ba, duk da surutun dangi, kai ma shaida ne. Da bakinka ka gaya mini maɓallanta 88 ne, farare 52, baƙaƙe 36. Ni kalangu kawai gare ni a hammata, amma ran Hawan Magajiya in hakimi ya ɓullo, kafin dokinsa ya iso takensa ya riga ya fita. Shata da ke kwance a nan Daura tun 1999, wa ya taɓa ganinsa yana duba takarda a fagen waƙa? Nan take yake ƙagowa, 'yan amshi su karɓa.

Na yi ta tunani, a ce gobara ta cinye duk rubutaccen kiɗan duniya, masu fiyano su yi yaya? Dole su dawo hanyarmu. Yaro ya zauna gefen maigidansa, ya saurara, ya kwaikwaya, ya ɓata a gyara masa, har wata rana hannunsa ya fara faɗin tasa maganar. Ba kai ka ba ni labarin Erroll Garner, mai fiyanon nan na Amurka ba, wanda bai iya karanta rubutun kiɗa ba amma duniya ta san shi?

Tsorona kada kunnenka ya mutu. Shi ne gadonka, ba ni da gona ko shanun da zan bar maka. Ƙwanƙwasar da na riƙa yi maka da gula in ka saki kiɗa, da kake riƙe da ita a zuci har yau, don wannan kunnen na yi. Yanzu ka bari takarda ta maishe ka kurma? Haba!

Yi haƙuri, raina ne ya ɓaci. Ka ci gaba da karatunka, ban raina shi ba. Amma kullum bayan isha'i ka rufe littafin, ka lalubo taken kakanka a kan fiyanon nan. In ya fito, ɗauko mini a waya, Innarka ma tana son ji.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka