Malamin Ailan da ya ceto wasan kakanninsa, da halin da langa take ciki a ƙauyukanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin malamai 'yan'uwana da hukumomin ilimi na Jigawa da Kano zuwa ga tarihin wani malamin makaranta na ƙasar Ailan, Michael Cusack, wanda ya daɗe yana kai-kawo a zuciyata tun da na ajiye alli.

An haife shi a 1847 a Carran, wani ƙauye mai duwatsu a gundumar Clare, a tsakiyar babbar yunwar da lalacewar dankalin Turawa ta jawo wa ƙasar. Ɗan talakawa ne da ya tashi da harshen iyayensa a baki. Ya koyar a makarantu da dama, har da kwalejin Blackrock, kafin ya buɗe tasa a birnin Dublin a 1877, inda yake shirya matasa domin jarrabawar shiga aikin gwamnati. Ƙaƙƙarfan mutum ne, har ya ci gasar jifan dalma ta ƙasa a 1881. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda wasanni suka koma hannun masu hannu da shuni masu bin dokokin Ingila, waɗanda ba su ba lebura da manomi wuri ba, kuma ba sa yin gasa ran Lahadi, ranar da talaka yake samun sarari, alhali wasan kakanninsu mai kama da ƙwallon gora, wanda suke kira hurling, yana neman ɓacewa.

Ranar 1 ga Nuwamba 1884 ya tara mutane ƙalilan, bakwai aka saba ambata, a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles, suka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA, Maurice Davin ya zama shugaba, shi kuma sakatare. Ba zan ɓoye aibinsa ba, yana da zafin rai, kuma wannan ya taimaka wajen tsige shi a 1886, ko shekara biyu bai cika ba. Ya rasu a 1906. Amma yau filin Croke Park, babban filin wasan ƙungiyar da ke Dublin, yana ɗaukar 'yan kallo sama da 82,000, wani sashensa yana ɗauke da sunan Cusack, kuma har yanzu ba a biyan 'yan wasan albashi, galibinsu garinsu da gundumarsu suke wa wasa.

To, mu dawo gida. Ina yaro, da an gama girbi, farin wata ya fito, dandali ba ya rabuwa da langa: kowa ya kama babban yatsan ƙafarsa ta baya, ƙura ta turnuƙe, jarumai sun kewaye ruwa suna ture abokan karawa har ya je ya sha. A makarantar da na koyar shekaru da yawa, filin da yara ke wannan wasa an yanka rabinsa an gina shaguna, ba wanda ya nemi shawararmu. Kwanaki na ce wa jikana ya kama langa, sai ya tsaya yana kallona, alhali babu ɗan wasan Turai da bai san lambar rigarsa ba. Wallahi abin ya yi mini ciwo, kuma ban ga laifin yaron ba, mu malamai ne muka yi sake.

Roƙona shi ne sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su sa langa da kokawa cikin wasannin shekara na firamare, a rubuta dokokinsu da Hausa yadda alƙalin wasa na Ringim da na Gaya za su yi hukunci iri ɗaya, a riƙa gasa tsakanin ƙauyuka da kaka, dagatai da masu unguwanni su zama iyayen ƙungiya, kamar yadda Cusack ya samu goyon bayan babban limamin coci Thomas Croke. Ni dai na rubuta dokokin da na sani a littafin makaranta, daga bakin tsofaffin garinmu, kuma a shirye nake in miƙa shi ga duk shugaban makarantar da zai fara a kakar bana.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.