Hawan jini da raunin ƙashi a jikin iyayenmu mata

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja hankali kan abin da ya sami mahaifiyata. Shekararta 61, ta daɗe tana fama da hawan jini. Kwanakin baya santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ta dafa ƙasa da hannu, sai wuyan hannun ya karye. Faɗuwar da ko yaro ba zai yi kuka ba.

Likita ya ce ƙashinta ne ya yi rauni. Idan al'ada ta ɗauke wa mace, sinadarin istirojin na jikin mace, mai kare ƙashi, yana raguwa, ƙashi ya fara zaizayewa a ɓoye. Gishiri kuma, wanda ke tayar da hawan jini, yana sa ƙoda ta zubar da sinadarin kalsiyam a fitsari, kalsiyam kuwa shi ne ginshiƙin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mu kuwa a tukunya ɗaya ga gishiri, ga dunƙule uku.

Shekara da shekaru ana auna mata jini a asibiti, ba wanda ya taɓa yi mata maganar ƙashi. Wannan ne ya fi ba ni haushi. Hatta magungunan hawan jinin sun bambanta: wasu na rage zubar kalsiyam, wasu na ƙara zubar da shi.

Yanzu mun rage dunƙule, mun ƙara mata kindirmo da miyar kuka da zogale, kuma tana ɗan takawa da hantsi.

Nagode,
Wata mai karatu daga Zariya