Amsa ga Baba Rabaran: Ban Manta Gidan da Na Fito Ba

Baba Rabaran,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ranar Lahadi ka kira sunana daga kan bagadi, ka tambayi jama'a ko ɗan mai bishara ne ya yi maganar da na yi a jana'izar tsohon nan mai mata biyu, ko kuwa na manta gidan da na fito. Laifina shi ne na ce bangaskiya tafiya ce tsakanin mutum da Ubangijinsa, ba mu ke da ikon yanke wa marigayi hukuncin ko ya isa ko bai isa ba. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa, ko da yake Matiyu 18 da ka koyar da mu a ajin baftisma cewa ya yi a fara samun ɗan'uwa shi kaɗai. Wataƙila an sake tsarin ban ji ba.

Da ni kaɗai ka taɓa da na yi shiru, amma ka haɗa da mahaifina, wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Shi ya kai wa wannan tsoho bishara a ƙauyen Maguzawa, ya same shi da mata biyu da ya aura tun kafin ya ji sunan Almasihu. Aka ce ba baftisma sai ya saki ɗaya. Tsohon ya tambaya wacce zai kora, kuma gidan wa za ta kai 'ya'yanta, ba wanda ya ba shi amsa. Haka ya zauna a bencin baya har ƙarshen ransa, ana raba jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, ana tsallake shi, bai fasa zuwa sujada ba, bai fasa kawo zakkar dawarsa ba. Mahaifina ya bi dokar ikilisiya, bai yi masa baftisma ba, amma a akushi ɗaya suke cin tuwo, kuma ɗan'uwa yake kiransa har a cikin addu'a. Kai ma ka sani, Baba, don a lokacin kana ɗalibi kana bin sa ƙauyuka. Gidan da na fito ke nan.

Ka jawo 1 Korantiyawa 5 don nuna cewa ikilisiya na da ikon horo. Wa ya musa? Can maganar mutumin da ya ɗauki matar ubansa ake yi, ban ga inda ta haɗu da dattijon da ya ƙi watsar da iyalinsa ba. Zancen cewa ina buɗe wa matasa ƙofar zunubi kuwa, matasan suna nan, a tambaye su.

Abin da nake so ka duba shi ne wannan. A 1888 taron bishop-bishop na Angalikan a Lambeth, can Ingila, ya yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba, sai dai ya ci gaba da zama mai koyo. A 1988 taron nan dai ya sauya: a yi masa baftisma shi da matansa da 'ya'yansa masu bi, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba, jama'ar wurin sun yarda, kuma kada a tilasta masa sakin kowacce saboda wahalar da za ta faɗa ciki. Na san za ka ce mu ba Angalikan ba ne, kuma ban ce mu kwaikwaye su gobe ba. Amma shekara ɗari manyan malamai na tauna magana ɗaya, suka ƙare a inda tsohon ƙauye marar karatu ya tsaya tun ranar farko. Waɗanda suka mutu a bencin baya cikin shekarun nan ɗari fa, wa zai tashi ya rantse cewa sun hallaka? Bulus ya tambayi Romawa a sura 14 su wane ne su da za su hukunta bawan wani, alhali a gaban maigidansa yake tsayawa ko ya faɗi. Nikodimu da dare ya fara zuwa wurin Yesu, da a ikilisiyarmu yake da tuni an rubuta shi cikin matsorata, amma ranar da almajirai suka watse shi da Yusufu na Arimatiya ne suka ɗauki gawar suka binne.

Kuma mu Hausawa masu bi ai mu ya kamata mu fi kowa sanin ɗacin wannan awo. A gida ana ce mana mun bar Hausanci, a majami'un birni kuma a ga babbar riga da hula, a ji sunanka Musa ko Ibrahim, sai a riƙa kallonka kamar ɗan leƙen asiri, alhali Littafi Mai Tsarki ya fito da harshenmu tun 1932. Sai ga shi mun juya muna yi wa junanmu abin da ke ƙona mana rai. Horon ma da kowa yake hawa da sauƙi. Yarinya ta yi ciki a tsai da ita gaban jama'a, wanda ya yi mata yana cikin mawaƙa. Mai kuɗin da ya saya wa majami'a kwanon rufi kuwa, kowa ya san gidan da ya ajiye a birni, ban taɓa jin sunansa daga kan bagadi ba.

Ba na so in yarda da masu cewa zaɓen majalisar gundumar ikilisiya da ke tafe ne ya sa ake neman wanda za a nuna tsananin kishi a kansa. Girmanka ya wuce haka a wurina, sai dai lokacin ya zo daidai.

Ni ma ina da tambaya, Baba. A takardar tsarin jana'izar an rubuta sunan uwargida da 'ya'yanta, aka bar amarya da nata 'ya'yan, suna zaune a wurin suna ji ana karantawa. Wa ya ba da umarnin a cire su? Ina roƙo ka amsa daga inda ka yi tambayarka.

Ɗanka cikin Almasihu.